Lokeshan da Kwatance: Wanne Muke Koya wa Yaranmu?

'Yan uwa malamai, akwai wata kalmar Ingilishi da ta shiga bakin jama'armu ba tare da ta biyo ta ƙofar ajinmu ba. Ba mu rubuta ta a allo ba, ba mu sa yara sun maimaita ta ba, amma yau ɗan aji uku ya san ta, direban adaidaita sahu ya san ta, haka ma tsohuwar da jikanta ya saya mata waya. Kalmar ita ce location, wadda harshen Bahaushe ya lanƙwasa ta koma lokeshan. Mai kawo saƙo yakan kira ya ce a turo masa lokeshan. Masu biki sukan raba katin gayyata, sannan su bi shi da lokeshan ta WhatsApp. Dillalin filaye yakan tsawwala kuɗin fuloti domin, in ji shi, yana lokeshan mai kyau. 'Yan fim ɗin Kano kuwa sun riga kowa, domin tun kafin waya mai taswira ta yaɗu, in an ce jarumi yana lokeshan, kowa ya san yana wurin ɗaukar fim ne.

Ra'ayinmu a kan wannan baƙuwa shi ne a karɓe ta, a shigar da ita aji, a koya wa yara asalinta da danginta. Amma kada mu bari ta cinye mana kwatance, wanda muke ganin yana janyewa daga bakin yaranmu a hankali ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan da. A wurinsu locus na nufin wuri. Daga shi suka samo locare, wato a ajiye abu a wani wuri, sai kuma locatio, ajiyewar kanta. Da yake wanda ya ba da hayar gida ko gona ya ajiye dukiyarsa ce a hannun wani, sai Rumawa suka riƙa amfani da wannan kalma wajen nufin ba da haya, har dokarsu ta kira yarjejeniyar haya da ta ƙwadago locatio conductio. Wajen ƙarshen ƙarni na 16 kalmar ta shiga Ingilishi, kuma a can ma'anar wuri ce ta rinjaya, ta haya ta koma kusurwar littattafan shari'a. Faransanci kuwa ya riƙe ta haya har gobe. Shi ya sa wanda ya ƙetare iyaka ta Jibiya ya nufi Maraɗi zai ga allunan shaguna an rubuta location, kuma abin da ake nufi shi ne hayar mota, ko hayar kujeru da rumfunan biki. Baƙaƙen rubutun ɗaya ne, amma ɗan makarantar Katsina da ɗan makarantar Maraɗi, waɗanda wataƙila kakansu ɗaya, kowa da abin da zai fahimta. Wannan kaɗai ya isa darasin minti goma mai daɗi a aji shida.

Amfanin sanin asali shi ne yaro ya samu mabuɗi ɗaya da ke buɗe ɗakuna da yawa. Wanda ya san cewa loc na nufin wuri, ba zai firgita ba ranar da ya haɗu da locate a jarrabawar shiga sakandare, domin zai gane ana so ne ya nemo inda abu yake. Zai gane relocation ƙaura ce, sauya wuri. Zai gane dislocation da malamin motsa jiki ke ambata gocewar ƙashi ce daga gurbinsa. Zai gane locomotive, kan jirgin ƙasa irin wanda ya fara isowa Kano a 1911, ma'anarsa abin da ke motsawa daga wuri zuwa wuri. Mu da muka yi kwalejin ilimi an koya mana irin wannan a darussan harshe, amma da yawanmu mun bar shi a cikin tsofaffin littattafanmu, muka koma ba yara jerin kalmomi su haddace kamar lambobin waya, kowace kalma ita kaɗai, ba uwa ba uba.

Akwai wata 'yar gidan da ta shafe mu kai tsaye, ita ce allocation, kason da ake ware wa jihohi da ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya kowane wata. Ma'anarta ta asali ita ce a ajiye wa kowa nasa a wurinsa. Albashin malamin firamare daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa, shi ya sa lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, babu ɗakin malaman da ba a tattauna shi ba. Ba za mu tsaya a kan wannan yau ba, yana da nasa shafin. Mun ambace shi ne don a ga cewa saiwar nan da ake ganin ta masu nahawu ce, har cikin tukunyarmu ta kai.

Wadda ta fi damun mu a cikin dangin ita ce local. Yaranmu sun mayar da ita zagi. In yaro ya zo da ɗumamen tuwo a kwano maimakon taliyar leda, sai a ce masa lokal. In yarinya ta yi magana da karin harshen ƙauyensu, lokal ce. Alhali kalmar ba ta nufin komai face na wannan wuri, ɗan gida, abin da ƙasar nan ta fitar. Wace irin tarbiyya ce ke sa yaro ya ɗauki zama ɗan garinsu abin kunya? Malamin da ya ji wannan a filin makaranta, ya fi kyau ya tsayar da yaran ya tambaye su ma'anar kalmar da suka jefi ɗan'uwansu da ita. Yawanci ba su sani ba. In ya gaya musu, ya kuma tambaye su ko akwai wanda ba ɗan wani wuri ba ne a cikinsu, zai ga sun yi tsuru-tsuru.

Ya kamata kuma manyan ɗalibanmu su san cewa kalmar lokeshan tana da tabo a wani ɓangare na nahiyarmu. A Afirka ta Kudu, ƙarƙashin mulkin Turawa, location suna ne na unguwannin da aka keɓe wa baƙar fata a bayan gari. A 1901, da annoba ta ɓarke a birnin Cape Town, hukuma ta kwashe dubban baƙaƙe daga cikin gari ta kai su Ndabeni. Dokar da aka yi a 1923 ta ba hukumomin birane ikon kafa irin waɗannan unguwanni a faɗin ƙasar. A Windhoek, babban birnin Namibiya ta yau, wadda a lokacin take hannun Afirka ta Kudu, akwai unguwar da ake kira Old Location. Da aka ce mazaunanta su tashi, suka ƙi, ranar 10 ga Disamba, 1959, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe sama da mutum goma. Sabuwar unguwar da aka tura su, mutanen da kansu suka raɗa mata suna Katutura, wato wurin da ba ma son zama, da harshen Herero. A nan tsohuwar ma'anar Latin ta fito tsirara: lokeshan wuri ne da wani ya ajiye ka. Jikokin waɗancan mutane a Afirka ta Kudu sun gutsure kalmar, suna kiran unguwanninsu kasi, da alfahari ma kuwa. A Kenya kuma location yanki ne na mulki da ke ƙarƙashin wani cif, ba zagi ba yabo.

Lokeshan ɗin da yaranmu suka sani dai shi ne shuɗin ɗigon nan da ke kan fuskar waya, kuma ya dace malami ya iya bayyana inda yake fitowa, don kada yara su ɗauka tsafi ne. Tsarin da ake kira GPS ma'aikatar tsaron Amurka ce ta fara shi a 1973, aka harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala a 1995 da taurarin ɗan'adam 24 da ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,000. Kowanne yana aiko da saƙon da ke ɗauke da lokaci da inda yake. Waya takan saurari aƙalla huɗu daga cikinsu, ta auna tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafo inda take. Amsar lambobi biyu ce kawai: nisan mutum arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, da nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwich ta Ingila, wanda wani taron ƙasashe ya amince da shi a 1884, wanda kuma ya bi ta garin Tema na ƙasar Gana. Kano, alal misali, tana kusan digiri 12 arewa, digiri 8 da rabi gabas. Lissafin nisa, gudu da lokaci ne, irin wanda muke koyarwa a aji biyar, sai dai na'ura ce ke yin sa cikin ƙiftawar ido.

To, ina matsalar? Matsalar ita ce ɗigon yana nuna wa mutum inda yake ba tare da mutumin ya sani ba. Wayar ce ta sani. Kowannenmu ya gwada wannan a ajinsa gobe da safe: ya ɗaga yara biyar, ya ce kowa ya kwatanta wa baƙon da ya sauka a tashar mota yadda zai kai gidansu. Abin da muke ji a makarantunmu ba ya wuce "can wajen masallacin nan" da "kusa da mai shayi", hannu kuma yana ta nuni zuwa rufin aji. In aka ce su nuna gabas, sai a ga hannuwa sun watsu kamar rassan kuka. Waɗannan yara ne da ke fuskantar alƙibla sau biyar a rana.

Bahaushe kuwa gwanin kwatance ne tun fil azal, harshensa ma shaida ne. Yana da wuri da waje da gurbi da bigire da mazauni da muhalli da shiyya, kowanne da inda ya dace da shi. Gurbi wuri ne da aka tanadar wa abu, in abin ya tashi sai a ga rashinsa, shi ya sa muke cewa maye gurbi. Mazauni yana ɗauke da zama da daɗewa. Shiyya ɓangare ce mai faɗi. Kalmar yamma ita kaɗai darasi ce, domin ita ce lokacin da rana ke faɗuwa, ita ce kuma kusurwar da take faɗuwa, saboda haka yaron da ya san yamma ta yi ya riga ya san inda yamma take in aka nuna masa alaƙar. Muna da maso da ke haɗa kusurwa biyu, arewa maso gabas, kudu maso yamma, ba mu aro ta daga kowa ba.

Dubi sunayen wurarenmu, yawancinsu kwatance ne da ya daskare ya zama suna. Tudun Wada, Gangare, Bakin Ruwa, Mararraba, Rijiyar Lemo, Unguwar Rimi, Birnin Kudu, Kwanar Dangora: duk wanda ya ji sunan ya riga ya ga wani abu na wurin. Mutumin birnin Kano yakan fara kwatance da ƙofa, Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa ko Kabuga, sai unguwa, sai lungu, sai zauren wane. Fataken da suka riƙa tafiya Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, madugu na riƙe da zango bayan zango a kansa, da rafukan da za a ƙetare da garuruwan da za a biya fito. Har yau unguwannin da Hausawa da sauran baƙi Musulmi suka kafa a biranen Gana Zongo ake kiran su, daga wannan zangon. Mutanen da suka yi irin wannan tafiya da ƙwaƙwalwa da tambaya, jikokinsu ne yau ke tsayawa a bakin layin gidan kawunsu suna jiran ɗigo ya motsa.

Wani zai ce wannan begen jiya ne kawai, zamani ya wuce wurin. Da abin ado ne da mun yarda. Amma a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka ɗauki makonni a haka. Waya tana iya jin taurari ko babu layi, amma ba ta iya tura wa kowa inda take sai da layi da data. A waɗannan makonni duk wanda ya nemi kai mara lafiya asibiti, ko ya nemi ɗan'uwansa a wani ƙauye, da baki ya yi. Ko ba a rufe layi ba, mu da ke koyarwa a karkara mun san makarantun da sai an hau tudu ake samun sabis, mun san caji na ƙarewa, mun san taswirar waya ba ta san sunayen rugage da ƙananan unguwanninmu ba. In ma ta sani, sai ta tambaye ka wace Tudun Wada, ta Kano, ta Zariya, ta Kaduna, ko ta Gusau?

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, kuma ba ma son faɗarsa, amma aikinmu ne. An kwashe ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, a Jangebe a Fabrairun 2021, a Kuriga a Maris na 2024, kuma a na ƙarshen har da 'yan firamare. A irin waɗannan masifu akan samu yaran da suka kuɓuce suka faɗa daji su kaɗai. Yaron da ke cikin wannan hali ba shi da waya. Abin da ke hannunsa shi ne ko ya san ta ina rana ke fitowa in yana garinsu, ko ya san sunan ƙauyensu da na ƙaramar hukumarsu da na mai unguwarsu, ko zai iya yi wa manomin da ya tsince shi bayanin da za a gane. Ba sai an kai ga wannan ba ma. Yara nawa ake cigiyarsu a masallatai da gidajen rediyo bayan kowace sallah da kowace ranar kasuwa, an tsince su ba su san komai ba sai "Baba" da "gidanmu"? An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya san abin da zai tambaya.

Ɗaya gefen haɗarin kuma shi ne saurin bayar da lokeshan. Tun 2017 WhatsApp ya ba da damar mutum ya bar wani yana bin motsinsa kai tsaye na minti 15, ko awa ɗaya, ko awa takwas. Yaranmu suna wasa da wayoyin iyayensu, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu cewa nuna wa baƙo inda kake kamar ba shi mabuɗin ƙofa ne. Iyayenmu sun hana mu gaya wa wanda ba mu sani ba ko maigida yana nan. Wannan tarbiyyar ce dai, kayan aikin ne suka sauya. Mu ma malamai sai mu yi hattara da sanya hotunan ɗalibai a Facebook tare da sunan makaranta da alamar wurin da take, a wannan zamani da muke ciki.

Masu kishin harshe daga cikinmu suna cewa a kori kalmar baki ɗaya, a ce wuri. Muna girmama kishinsu, amma ba mu tare da su a nan. Hausa ba ta taɓa tsoron baƙin kalmomi ba. Station ta shigo ta zama tasha, har ta haifi tashoshi, yau babu mai jin ƙanshin Turanci a jikinta. Address ta zama adireshi. Lokeshan ta samu gurbi ne domin tana nufin wani abu takamaimai da wuri bai cika kamawa ba, wato ɗigon da ake turawa ta waya. A bar ta a nan. Inda za mu ja layi shi ne in ta fara korar 'yan gida, har yaro ya ce "lokeshan ɗin da aka haife ni" alhali yana da mahaifa, ko malami ya ce an tura shi mummunan lokeshan alhali garin mutane ne, da sunansa da yaransa masu jiran karatu.

Wasu kuma za su ce manhaja ta cika, aji ya haura yara ɗari, alli ma sai an yi karo-karo. Gaskiya ne, a cikinsa muke. Sai dai abin da muke kira gare shi ba ya buƙatar sisin kwabo ko takardar izini daga kowane ofis. Kusurwoyi huɗu suna cikin darasin nazarin zamantakewa tun da can, kuskurenmu a matsayin tsari shi ne ana zana su a allo, arewa a sama, har yaro ya ɗauka arewa tana wajen rufi. A fitar da yara filin makaranta da hantsi, su ba rana gaba, su ga inuwarsu ta faɗi yamma, arewa a hagunsu, kudu a damansu. A rubuta sunayen kusurwoyin da gawayi a bangon aji, kowanne a bangonsa na gaskiya. 'Yan aji ɗaya zuwa uku su haddace cikakken sunansu da na mahaifinsu, unguwa, gari, ƙaramar hukuma, da lambar waya ɗaya ta gida, kamar yadda suke haddace karatun allo. 'Yan aji huɗu su zana hanyar gida zuwa makaranta a ƙasa da tsinke, su sa rijiya da injin niƙa da bishiyar da ke kan kwana. 'Yan aji biyar da shida su yi kwatancen da Hausa, su sake yin sa da Ingilishi, a nan ne kuma location da locate da local za su shigo tare da labarin asalinsu. Inda malami ke da waya mai taswira, sai ya nuna musu ɗigon makarantar a ƙarshe, su gwada shi da zanen da suka yi, su ga abin da waya ta sani da abin da ta manta.

Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan cikin ajandar taronmu na gaba, a kuma nemi kowace makaranta ta ware safiya ɗaya a zangon karatun nan don gwajin kwatance, kowane malamin aji ya rubuto yara nawa suka iya kai baƙo gidansu da baki. In an tattara alƙaluman, sai mu buga su a wannan shafi, mu kai wa ƙungiyar iyaye da malamai ta kowace makaranta nata.